Albarka, Ranka Ya Daɗe

Litinin, da yamma

Duk wanda ya ce Mai Girma Gwamna ba shi da tarbiyya, bai taɓa zama kusa da shi ba ne. Yau da na shiga zauren majalisa sai da ya ɗan ɗaga daga kujerarsa. Ni fa, da ya shekara uku yana kirana Ba-Ragi a gaban baƙi, yana tambayata ko takalmin ƙafata ragowar gwanjo ne. Yau cewa ya yi, "Mai girma Kwamishinan Kasuwanci," bai haɗiye ko harafi ɗaya ba. Ya tambayi iyali. Ya sa aka rage sanyin ɗakin don ya ga ina murza hannu. Ya ce wa sauran kwamishinoni su yi koyi da haƙurina, kowa ya gyaɗa kai yana kallon takardar gabansa. Shugaba irin wannan sai an tona. Allah Ya ƙara masa ladabi.

Shekara ashirin da wani abu na yi ina sayar da takalma a layin bakin ƙofa na tsohuwar kasuwa, kafin a lura 'yan kasuwa suna jin maganata, a ɗauko ni a ɗora a nan. Akwai abin da na koya a can wanda ba a koya mini ba a sakandaren da na bari a aji huɗu: mai saye na gaskiya kushe kaya yake yi. Zai ce fatar roba ce, mai ɗinkin gyangyaɗi yake, dunduniyar ba za ta kai damina ba, duk kuwa yana riƙe da takalmin ya ƙi saki. Wanda ya ɗaga ya ce, "Wannan kam ya yi kyau," ya ajiye a hankali, ka duba ƙafarsa. Ɗaya ta riga ta fita.

Ba wanda ya ambaci abin da ya faru a tsohuwar kasuwa ranar Talata. Kwalbati muka tattauna har aka tashi.

Talata, da hantsi

Yau mako guda. Na sa direba ya bi ta bayan asibiti, ba ta gaban kasuwa ba. Hanyar ta fi tsawo, amma kwaltarta ta fi kyau.

Laraba, bayan la'asar

Mai Girma ya kira ni ƙaramin falo, wanda ba a shiga da waya. Da hannunsa ya zuba mini shayi.

"Kwamishina, ka rame."

"Aiki ne, ranka ya daɗe."

"Shi ya sa na kira ka. Ka ga kwamitin bincike zai fara zama ba da jimawa ba, mutane kuma ka san su da baki. Shugaban hukumar ɗakunan karatu ya yi ritaya. Ka rubuta layi biyu ka ce likita ya ce ka huta, ka koma can. Akwai mota, akwai ofis, ba mai ɗaga maka murya. Wurin ma doka ce a yi shiru."

Ɗakunan karatu. Ni, da littafin ƙarshe da na karanta har ƙarshensa na koyon tuƙi ne.

Ban yi shawara da kaina ba, bakina ne ya riga ni. "Albarka, ranka ya daɗe."

Ya tsaya da kofi a hannu. "Albarka?"

"Albarka."

Ya dube ni jim, sannan ya yi murmushi. "To, madalla. Allah Ya sa albarkar." Ya rako ni har bakin mota, abin da bai taɓa yi ba.

Ban yi nadama ba. Tayin farko zagi ne, kowa ya san haka, ana yin sa ne don a ji nauyin mutum. In ka ce albarka ba korar mai saye ka yi ba, ce masa ka yi ya ƙara. Wanda ya fara da ɗakunan karatu, to hukumar ruwa ko ta gidaje tana aljihunsa na ciki. Kuma in na sauka yau da sunan ciwo, gobe kowa ya san sunan ciwon. Ni ban tura katafila layin bakin ƙofa ba, ma'aikatata ko baro ba ta da shi. Amma abin nan yana ta shawagi yana neman kan da zai sauka, kuma ban taɓa ganin ya sauka a kan wanda yake zaune a kujera ba. Sai wanda ya tashi. Don haka ina zaune, sai ya ƙara.

Laraba, bayan magariba

Matata, Malama, tana gyaran jarrabawar 'yan ajinta a teburin cin abinci na ba ta labari. Ta ajiye jan biro.

"Ka ce masa me, Baban Auta?"

"Abin da ake cewa."

"Gwamnan ka ce wa albarka?"

"Ciniki ne, Malama. Ke ai kin fi ni sani. Ba ke ce kika sa na sayar miki da takalmi a faɗuwa ba, na biyo ki gida neman cikon na ƙare da aure?"

"Ni 'yar kasuwa ce ta haife ni. Shi ubansa likita ne. Mutumin nan ko albasa bai taɓa tayawa ba, kantin da ake liƙa wa kaya farashi aka saba kai shi. A gidansu in an ce a'a, a'a ce."

"Zai dawo."

Ta ɗauki bironta. Yaron da takardarsa take gabanta ya sha ja.

Alhamis, da yamma

Bai kira ba. Daidai ne. Mai saye mai wayo sai ya zaga kasuwa tukuna.

Juma'a, da safe

Agogona ya tsaya. Na kwance na miƙa wa direba na ce ya kai gyara. Ya karɓa, ya juya shi a hannu, ya ce, "Wajen wa, ranka ya daɗe?"

Na ce ya bari. Na sa a aljihu.

Asabar, da azahar

Buhun shinkafar da na aika gidan makokin Mai Agogo na layinmu ya dawo, ko ɗinkin bakinsa ba a farke ba. Yaya ce ta dawo da shi da kanta, a motar haya, ta sa aka jingine shi a bakin ƙofa. Ita ta raine ni bayan rasuwar Inna, da ribar kwanukan da har yau take sayarwa a layi na biyu. Tun da na hau kujerar nan ba ta taɓa zuwa gidan nan ta zauna ba. Yau ma ba ta zauna ba.

"Yaya, ki shigo ki sha ruwa."

"Na sha a gidana. Matar Mai Agogo ta ce a gode maka, suna da abinci."

"Yaya, wallahi ni ma da safe na ji, kamar kowa."

"Na sani. Kai ai kullum da safe kake ji." Ta gyara mayafi. "Teburinsa fa ka hau, yaron nan. Shi ya kwashe agogunan mutane ya riƙe maka ƙafar teburin don kada ka faɗi. Ka ce mana ko bulo ɗaya ba za a taɓa ba sai ka zo da ƙafarka. Da ba ka faɗa ba, da kowa ya kwashe kayansa. Da shi ma a gida ya kwana, katafila ba ta same shi ba."

"Abin da aka gaya mini na gaya muku."

"Wa ya gaya maka?"

Na ce mata maganar gwamnati ba a yin ta a bakin ƙofa. Ta ce ai rusau ma a bakin ƙofa aka yi shi. Ta tafi.

Shekara ashirin teburin nan yana gaban rumfata. Inuwata yake sha, ni kuma ina aron kujerarsa in baƙo ya zo. Buhun yana nan inda aka jingine shi. Ba wanda ya ce a shigo da shi.

Lahadi, da yamma

Bai kira ba.

Malama ta ce sukarin da aka saya farkon wata bai ƙare ba. A da kwana uku yake yi, don 'yan jam'iyya ba sa shan shayi sai cokali ya tsaya. Ta ce ko ba komai mun samu rangwame.

Litinin, da azahar

Babban Sakatarenmu tsoho ne mai laushin murya, takalminsa baƙi mai igiya, an sake masa ƙasa ya fi sau uku. Kwamishinoni sun zo sun wuce ta gabansa kamar motocin haya, shi yana nan a tasha. Kwanan nan na lura ya samo wata sabuwar kalma.

"An gyara fankar ɗakin taro, kamar yadda ka umarta."

"An tura wa kwamiti duk fayilolin kasuwa, kamar yadda ka umarta."

Na ce, "Baba, yaushe na umarta?"

"Ranka ya daɗe, ai a ma'aikata ba abin da ke motsi sai da umarnin kwamishina. Haka tsarin yake."

"Har katafila?"

Ya cire tabarau ya goge da gefen riga. "Wannan kam ba tamu ba ce, ta Ma'aikatar Ayyuka ce. Amma kasuwar tamu ce." Ya mayar da tabaran. "A kawo shayi?"

"Kamar yadda na umarta," na ce. Bai yi dariya ba. Bai taɓa yi ba.

A zaman majalisa Mai Girma ya sake yaba mini. Ya ce ni ginshiƙi ne.

Talata, da safe

Ta bayan asibiti.

Laraba, da yamma

Hoton bidiyon da aka ɗauke ni a kan teburin Mai Agogo yana yawo a wayoyi. Direba ya nuna mini don kada in ji a bakin wani. Ga ni na ɗaga yatsa sama, babbar riga tana kaɗawa, murya kamar ta mai gwanjo. A ƙasa ana ganin hannu biyu riƙe da ƙafar teburin. Fuskar ba ta fito ba. An sa wa hoton kiɗa.

Na yi kyau a ciki, ba laifi.

Bai kira ba. Mako guda ke nan da tayin. Kasuwar da yake zagawa babba ce, ga alama.

Alhamis, bayan magariba

Malama ba ta ci abinci ba. Ta ce jikar Mai Agogo ajinta take, ta dawo makaranta yau. Da aka kira suna ta amsa, amma ba ta ɗago ba har aka tashi. Na ce yara suna da saurin mantuwa. Malama ta ce, "Shekara nawa ka yi kana koyarwa?" Ta kwashe kwanukan.

Daga kicin ta ɗaga murya. "Ka je ka karɓi ɗakunan karatun nan, Baban Auta. Ko shara ce ka je ka karɓa."

"In na je da ƙafata farashi ya faɗi."

"Wane farashi? Wa ke saye?"

Juma'a, da hantsi

Akwai abin da duk mai rumfa ya sani amma ba ya so a gani. In mai saye ya juya ya tafi, ka bar shi, ka yi kamar kana kakkaɓe kaya. Kana kallonsa ta wutsiyar ido. In ya kai ƙarshen layi bai waiwayo ba, sai ka ajiye girman kai ka ƙwala masa kira: zo, kawo, don kai ne. Ba abin kunya ba ne, kowa ya yi. Abin kunya shi ne ka bari ya sha kwana.

Na rubuta layi biyun. Hawan jini na zaɓa, ya fi mutunci. Litinin zan je.

Lahadi, da la'asar

An yi ruwa. Ba wanda ya zo.

Litinin, da yamma

Na je gidan gwamnati da sassafe. Aka zaunar da ni a ɗakin jira, inda ake ajiye 'yan kwangila da masu neman a sa wa ɗansu hannu. Talabijin a kunne ba murya. Wani ɗan kwangila ya gane ni, ya tashi ya koma kujerar can nesa kamar fanka yake nema.

Ina nan zaune sai ga Kwamishinan Ayyuka ya fito daga ciki. Ƙato ne, wuyansa ninki uku, ranar Asabar ma an gan shi yana rawa a bikin 'yar wani. Yau sanda ce a hannunsa, sabuwa fil, ko takardar farashin ba a ɓare ba.

"Ɗan'uwa, lafiya?" na ce.

"Ina fa lafiya. Hawan jini."

"Subhanallahi. Tun yaushe?"

"Tun jiya da yamma." Ya dafa kafaɗata. "Likita ya ce in nemi wuri mai shiru. Mai Girma ya tausaya mini, ya ba ni ɗakunan karatu. Ka riƙa leƙo mu, akwai jaridu kyauta."

Ya tafi yana ɗingishi. Kafin ya kai mota ya manta ƙafar da yake ɗingisawa, ya sauya.

Duk da haka na jira. Wajen azahar Mai Girma ya fito zai tafi filin jirgi, mutane sun kewaye shi. Na kutsa. Ya ga ni ne, ya tsaya, ya kama hannuna da hannu biyu.

"Ranka ya daɗe, maganar ranar nan. Na sallama."

"Wace magana ke nan?"

"Ta hutun."

"Au. Ai ka sa mata albarka, Kwamishina, na ɗauka mun rufe. Ni daɗi ma na ji. Na ce wa mutanena, ga namiji, ba ya gudun aiki." Ya girgiza hannuna. "A gaida Malama."

Har yanzu ban sani ba, bai gane kalmar ba ne, ko kuwa ya fi ni gane ta.

Talata

Ban fita ba.

Laraba, da azahar

Ana ta raɗe-raɗin za a rushe majalisa ranar Juma'a. Na je ofis da kwali biyu. Ba wani abin kirki ba ne nawa a ciki: hoton Auta ranar da ta gama firamare, dardumar salla, kofi, da wani allon yabo da ƙungiyar 'yan kasuwa suka ba ni shekarar farko. Shi na kifa shi a ƙasan kwali.

Na zauna na yi lissafin abin da zai biyo baya, don ɗan kasuwa ko asara zai yi yana so ya san girmanta. Juma'a a sauke ni. Mota ta tafi, 'yan sandan ƙofa su tafi. Sai kwamiti ya aiko a kira tsohon kwamishina. Rumfar da zan koma babu ita, fili ne yanzu, an ce har an kewaye shi da kwano.

Babban Sakatare ya leƙo ya ga kwalayen.

"Ranka ya daɗe, da ka bar kofin tukuna."

"Me ya sa, Baba?"

"Kofi ba ya cin wuri."

Alhamis, da yamma

Malama ta cire labulen falo ta wanke, ta ce gidan gwamnati ne, a bar shi da tsabta. Ta tambayi maƙwabciyar ƙanwarta ko sashen bayansu yana nan ba kowa. Ɗaki biyu ne. Ta ce ya ishe mu, dama mu ba mu taɓa cika wannan ba.

Wani abin mamaki, na ci abinci sosai yau. Mutum in ya san ya faɗi, cikinsa yana buɗewa.

Juma'a, bayan la'asar

A rediyon kicin muka ji. An rushe majalisar zartarwa baki ɗaya, an gode wa kowa, an yi musu fatan alheri. Malama ta sauke numfashi, ta kai hannu za ta kashe. Sai mai karanta labarai ya ci gaba.

Ban da mutum ɗaya. Kwamishinan Kasuwanci zai ci gaba da riƙe muƙaminsa, saboda jajircewarsa da sanin da ya yi wa kasuwa ciki da waje. Shi ne zai wakilci gwamnati a gaban kwamitin bincike da zai fara zama ranar Litinin. Shi ne kuma zai jagoranci kashi na biyu na aikin sabunta tsohuwar kasuwa, da kansa.

Malama ta kashe rediyon. Ta tsaya tana kallon labulen da ta shanya.

Ba a yi rabin awa ba motoci suka fara tsayawa.

Asabar, da hantsi

Gidan ya cika tun jiya. 'Yan jam'iyya, 'yan kwangila, har da wanda ya guje ni a ɗakin jira, ya ce shi dama ya faɗa wa mutane. Wani shugaban matasa ya durƙusa ya ce in koya musu sirrin. An kori mutum goma sha wani abu an bar ni ni kaɗai, ai wannan ba ƙaramin ƙarfi ba ne. Na ce masa haƙuri ne da iya magana. Ya rubuta a wayarsa.

Babban Sakatare ya aiko saƙon taya murna. Ya ce an tanadar mini wurin zama a zauren kwamiti, a gaba, kusa da lasifika.

Ana cikin hayaniyar waya ta yi ƙara. Na shiga banɗaki na ɗauka, don nan ne kawai ba kowa.

"An ce kai kaɗai aka bari," in ji Yaya.

"Haka na ji, Yaya."

"Kashi na biyun nan, layinmu ne?"

"Ban ga takarda ba tukuna."

"Ba takarda na tambaye ka ba."

Ina jin ƙarar kwanuka a bayanta, kamar ana jera su, ko ana kwashe su, ban iya bambancewa ba. Ta jira ni har ta gaji, ta kashe.

Na wanke fuska na fito. Malama ta tare ni a lungu ta ce masu murna sun fi kujerun yawa, ko a aro na maƙwabta? Na ce a aro. Na koma falo aka tashi tsaye ana tafi, na ɗaga musu hannu biyu.

Ni dai takalma na sani. In ka wuce ta gaban rumfa ka ga an kwashe kaya kaf, an bar ƙafa ɗaya tak a bakin ƙofa, don ta fi sauran tsada aka bar ta, ko don a tokare ƙofar da ita?